Injin Da Ke Lafiya Da Safe, Ya Mutu Da Azahar

Jama'a, ga bazara ta kankama. Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, akwai wani kuka da a ke yawan ji a bakin masu injin niƙa, da masu ban ruwa, da direbobin tarakta a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kukan kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Inji ya tashi da safe da bugu ɗaya, ya yi ta aiki sumul har rana ta take tsaka. Daga nan sai ya fara sarƙewa, muryarsa ta yi sama ta yi ƙasa, ƙarfinsa ya ragu, a jima kaɗan ya mutu. A buga handul har kafaɗa ta gaji, ko gezau. A bar shi a tafi salla, a ci abinci, a dawo bayan la'asar, sai ya tashi kamar ba shi ba.

Abin da yawancin mutanenmu su kan yi shi ne su kira makaniki, shi kuwa ya ce famfo ne, ya kwance shi a ɗauka sai Funtuwa. Wani lokaci ya yi daidai. Amma sau da yawa a kan kashe kuɗin mota da na gyara, a yi kwana uku ko huɗu ba aiki, a dawo a ɗaura, jibi da azahar ciwo ya komo yadda ya ke. An bar jaki an daki taiki ke nan. Kwana huɗu kuwa ba wasa ba ne ga mai tumatir ko albasa a bakin madatsar Mairuwa cikin watan Afrilu. Mai injin niƙa ma, in mata suka ɗauki ƙwaryar hatsinsu suka koma wani injin sau biyu, da wuya su dawo masa. Ga shi kuma tafiya a kan waɗansu hanyoyinmu yanzu ba abin da mutum zai yi ba gaira ba dalili ba ne. Saboda haka na ga ya kamata mu duba wannan ciwo a tsanake, domin akwai gwaje-gwajen da mai inji zai yi da kansa, da jarka da tiyo da jiƙaƙƙen buhu, tun kafin a sa sifana a jikin famfo.

Injunan gas da ke hannunmu a nan iri uku ne in an taƙaita. Akwai Lister mai tukunya ɗaya, wanda a ka fara ƙerawa a garin Dursley na Ingila wajen 1930. Kamfanin ya daina yin wannan samfurin a 1987, amma maƙeran Rajkot ta ƙasar Indiya sun ci gaba da kwaikwayonsa. Akwai ƙananan injunan Sin masu kwance, waɗanda tankin mai da tukunyar ruwa ke zaune kafaɗa da kafaɗa a bisa kansu. Sa'an nan ga tarakta, yawanci Massey Ferguson mai injin Perkins. Tun da a ka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, masara ta yawaita a ƙasar nan, injin sussuka da na niƙa suka bi bayanta har ƙauyukan da da can sai turmi da dutsen niƙa. Dukan injunan nan ciwon ya kan same su, ko da ya ke hanyar da ya ke shiga ta bambanta.

To, bari mu fara da yadda mai ke shiga inji. Injin gas ba shi da fulogi irin na injin fetur. Iska kawai ya ke zuƙa, fistin ya matse ta har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata mai, ya kama da kansa. Don a iya fesa mai cikin iskar da a ka matse haka, dole a tura shi da ƙarfin gaske, kuma wannan shi ne aikin babban famfo, wanda makanikai ke kira injekta. A cikinsa akwai 'yar sandar ƙarfe mai kai da kawowa cikin kubenta, tana tura mai zuwa nozul. Babu roba ko fata tsakanin sandar da kuben. Gogewa kawai a ka yi musu har suka dace, tazarar da ke tsakaninsu kamar kashi 2 ne cikin 1,000 na milimita, watau gashin kan mutum ya fi ta kauri sau talatin ko fiye. Abin da ke toshe wannan 'yar tazara shi ne kaurin man kansa. Shi ne kuma ke shafe ƙarfen don kada su ci juna.

A nan zafi ke shigowa. Kowa ya san man shanu ko man gyaɗa in ya ji wuta ya kan tsinke. Gas ma haka ya ke. Man da ya kai digiri 80 na ma'aunin zafi, kaurinsa kamar rabin na wanda ke digiri 40 ne. In mai ya tsinke, wani sashi nasa ya kan zurare ta gefen sandar ya koma baya maimakon ya tafi nozul. Famfo sabo ba ya damuwa da wannan ƙwarai, domin tazararsa ƙanƙanuwa ce. Amma famfon da ya sha ƙura da ruwa shekara da shekaru, tazararsa ta buɗe. Da safe mai na da kauri, ya na rufa masa asiri. Da azahar mai ya tsinke, asiri ya tonu. Abin da ya sa kuma ya ke ƙin tashi bayan ya mutu shi ne, juyin handul ko na sitata a hankali ya ke, man na samun lokacin zurarewa kafin ƙarfinsa ya isa buɗe nozul.

Har wa yau zafi ya kan kumbura mai. Famfo da mudu ya ke awo, ba da sikeli ba. Duk sa'ad da zafin mai ya ƙaru da digiri 12, nauyin abin da ke cikin mudun ya kan ragu da kamar kashi 1 cikin 100. Wannan kaɗai ba ya kashe inji. Sai dai in an riga an ɗora masa kaya har wuya, ɗan ragin nan shi ne ke kai shi ƙasa.

Akwai wata magana da na ke so in gyara, domin na sha jin ta har a bakin masu sana'a. Su kan ce gas ya tafasa a cikin bututu. Gas na gaskiya ba ya fara tafasa sai ya wuce digiri 150, kuma babu tankin da rana za ta kai shi nan. Fetur ne ke fara tashi tururi tun wajen digiri 35 zuwa 40. Saboda haka in ka ga kumfa na tasowa cikin man injinka da rana, ɗayan biyu ne: ko iska na shiga ta wani wuri, ko kuwa abin da a ka sayar maka ba gas ba ne zalla.

Wannan ya kawo mu ga 'yan bumburutu. Ba na cewa dukansu maha'inta ne, kuma na san mutumin Damari ko na 'Yankara ba kullum zai sami gidan mai a kusa ba. Amma a lura, algus ya kan bi farashi. A zamanin da kananzir ke da tallafin gwamnati, kafin 2016, da shi a ke sirka gas. A 2022 kuwa, litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta kai wajen 800 cikin 'yan watanni, alhali farashin fetur na hukuma bai kai 200 ba har zuwa ƙarshen Mayu na 2023 da a ka janye tallafi. Duk lokacin da tazara irin wannan ta samu, mai son zuciya ya sami ƙofa. Kananzir na tsinka gas tun ya na sanyi. Fetur ya fi muni, domin ya tsinka shi, ya wanke maiƙon da ke kare famfo, ya kuma tashi tururi da zarar ya ji ɗumi. Araha dai ba ta ado. Ga mai sikeli a shago, ga hanya mai sauƙi: lita 20 ta gas, in an cire nauyin jarka, ta kan yi kilo 16 da rabi zuwa 17. Kananzir kamar 16 ne, fetur kuwa bai cika 15 ba. In ka auna ka ga abin ya gaza 16 da rabi sosai, ka shinshina. Ka kuma zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye ya kwana, ruwa da laka za su kwanta a gindi ka gan su da idonka.

Ina zafin ke fitowa? Rana ce ta fari. A ƙasar nan zafin inuwa ya kan kai digiri 38 zuwa 40 a tsakiyar bazara, baƙin tanki kuwa da ke shanye a fili ya fi haka nesa. Na biyu shi ne ɗakin inji. Mutanenmu na son gina wa injin niƙa ɗan ɗaki matsattse, rufin kwano, ƙofa ɗaya, ba taga, saboda tsoron ɓarayi. Da rana ɗakin nan tanderu ne. Na uku, bututun mai da a ka bi da shi kusa da salansa ko a ka kwantar a kan inji, sau da yawa bayan wani gyara, don tiyon da a ka samu gajere ne. Na huɗu kuwa shi ne wanda a ka fi mantawa da shi. A tarakta, ba duk man da ya je famfo ne ke ƙonewa ba. Saura ya kan zaga cikin famfon ya ɗebi zafinsa, ya dawo tanki ta bututun komawa. In tanki cike ya ke, ɗan zafin nan ya ɓace a ciki. In kuwa lita goma ce kawai a gindinsa, ita ce za ta yi ta zagawa tana ƙara zafi har ta gagari taɓawa. Tun da gas ya yi tsada, mai tarakta ba ya ba direba sai gwargwadon na yini, ƙwandala ba ta wuce ba. Na gane dalilinsa, amma ya sani cikin famfonsa ya ke biyan bambancin.

Yanzu ga yadda za ka bincika. Ka yi shi a daidai lokacin da injin ya mutu, kada ka bari ya huce, domin in ya huce shaida ta gudu.

Da fari ka raba tsakanin zafin mai da zafin inji, gama ba abu ɗaya ba ne, kuma na biyun ya fi hatsari. Injin da ruwansa ya ƙare, ko bel ɗin fankarsa ya saki, ko ƙaiƙayi ya toshe masa lagireto, ya kan yi nishi da nauyi kafin ya tsaya, ruwa na tafarfasa, ga ƙaurin baƙin mai. In ka kama handul za ka ji ya yi tauri, domin fistin ya kumbura ya cije. Wannan kada ka sake tada shi sai an duba, kada kuma ka buɗe murfin lagireto ya na da zafi. Wanda mai ya gaza masa kuwa, a hankali ya ke dusashewa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata, hayaƙinsa kaɗan ne ko fari-fari, kuma handul na juyawa sakayau. Baƙin hayaƙi mai yawa ya fi nuna iska ce ta gaza, sai ka duba filtar iska, balle wajen sussuka.

In ka tabbata ta wajen mai ne, buɗe murfin tanki ka kasa kunne. A jikin murfin akwai 'yar huda da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. Garin niƙa da ƙura kan toshe ta, wani ma murfin ya ɓace ya ɗaure bakin da leda. In ka ji "fuu" sa'ad da ka buɗe, kuma inji ya tashi, ka gama, maganin ciwonka allura ce ko tsinke. Na ga wannan ya fi a ƙirga.

Sa'an nan ka ɗora tafin hannu a kan tanki, da kan filta, da jikin famfo. In ba ka iya ƙirga goma hannunka na kai ba, zafin ya haura digiri 50. Ka kuma lura da tsawon hutun da injin ke bukata. Filtar mai da ta toshe ta kan shaƙe inji a kowane lokaci in an ba shi kaya, safe ko yamma, kuma minti biyu ko uku sun isa ya farfaɗo ya sake ɗan aiki. Ruwa a cikin mai ya fi damu da sassafe. Zafin mai kuwa sai an yi rabin sa'a ko sa'a guda, sai ƙarfe ya huce.

Iska na da wayo, ba ta barin alama. Wurin da ta ke shiga sau da yawa ba ya ɗigar da mai ko kaɗan, domin a ɓangaren zuƙa ya ke. Tsohon tiyo in ya ji zafi ya kan yi laushi ya saki bakin bututu, ko ya lotse ya shaƙe kansa. Sami guntun tiyo mai garai-garai wanda a ke ganin ciki, ka haɗa shi gab da filta, ka tsaya ka duba. In da safe mai na wucewa tas, da rana kuma ka ga kumfa jere kamar tasbaha, ka bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, ka sake wasa da tiyo. Kuɗinsu bai kai na mota zuwa Funtuwa ba.

Babban gwaji shi ne na jarka, kuma shi na fi so kowa ya riƙe. Tun da safe ka sayo lita huɗu ko biyar ta gas daga gidan man da ka amince da shi, ka zuba a jarka mai tsabta, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, kamar yadda a ke sanyaya tulu. Da inji ya mutu, cire tiyon da ke fitowa daga tanki, ka sa wani daga jarkar zuwa filta. In ƙaramin inji ne wanda mai ke gangaro masa, rataye jarkar sama da famfo. Fitar da iska kamar yadda ka saba, ka bari sanyin man ya ratsa, ka buga. In ya tashi ya ɗauki kaya, to laifin na bayan famfo ne: ko tanki, ko bututu, ko man da ke ciki. Amma kada ka tsaya nan, domin abu biyu ka canja a lokaci guda, watau sanyi da kuma irin mai. Kashegari sai ka ɗebi man tankinka na da, ka sanyaya shi a jarkar, ka maimaita. In shi ma ya yi aiki, zafi ne kawai matsalarka. In ya ƙi, man ne ba shi da kyau, ka juye shi ka wanke tanki, ka kuma san wajen wanda ba za ka ƙara saye ba.

In kuwa sanyayyen mai mai kyau bai tada shi ba, saura gwaji ɗaya, wanda ya fi dacewa da famfon tarakta irin na CAV mai juyawa, domin shi gas kaɗai ke shafe cikinsa baki ɗaya. Jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi ka lulluɓe kan famfon, wajen da bututan ƙarfe ke fita, ka jira minti biyar, ka buga. In ya tashi, famfo ya ci, makaniki ya yi gaskiya. Amma fa a kiyaye: kada a kwara ruwan randa mai sanyi a kan famfo mai zafi. Bayansa zai tsuke nan da nan alhali cikinsa na kumbure, ya cije ya karye, gyaran da zai ci kuɗi kaɗan ya koma sayen sabo.

Maganin zafi ba shi da tsada. A yi wa injin ban ruwa rumfar zana mai tsawo, gefe a buɗe. A fasa wa ɗakin niƙa taga biyu masu kallon juna a sa musu ƙarfe, a fitar da salansa waje. Tankin da ke zaune kan inji ana iya cire shi a rataye a bango, kamu biyu ko uku daga injin, a shafa masa farin fenti. Bututun mai ya nisanci salansa da aƙalla taƙi guda, in babu hali a sa guntun kwano a tsakani, da sarari ta kowane gefe don iska ta wuce. Tankin tarakta kada ya gaza rabi da rana, a kuma cika shi da yamma bayan an tashi, domin tankin da ya kwana wofi ya kan tara raɓa a ciki. Mai ban ruwa in ya iya ya fara da asuba ya huta daga azahar zuwa la'asar, ya taimaki inji, shukar ma ta fi son haka.

Akwai dabaru biyu da na ke roƙo a bari. Waɗansu su kan zuba tsohon baƙin mai cikin gas wai don ya yi kauri. Lalle ya kan yi, inji ma ya ɗan farfaɗo, amma tsohon baƙin mai cike ya ke da garin ƙarfe da toka, su ne za su ƙarasa cinye famfon da nozul cikin 'yan makonni. Waɗansu kuma su kan murɗa kusar mai ta jikin famfo su ƙara. Da azahar ya yi daidai, da safe kuwa sai baƙin hayaƙi da shan mai, ga inji na ƙara zafi.

Game da sababbin tarakta da manyan motoci masu kwamfuta, waɗannan ƙarfin turin mansu ya kan ninka na tsofaffin kamar sau goma, man da ke komawa tanki ma ya fi zafi. Shi ya sa a kan sa wa da yawansu ɗan lagireto na mai, da ma'aunin da ke gaya wa kwamfuta zafinsa, ita kuma ta rage ƙarfin inji da kanta in ya yi yawa. Direba ya duba ɗan lagireton nan ya kakkaɓe ƙaiƙayi da laka. Ban da wannan kada ya taɓa. Kada a sassauta bututun ƙarfe inji na tafiya, kada kuma a lalubi yoyo da yatsa ko a tsohon inji ne. Siririn man da ke fita ya kan huda fata ya shige cikin nama, ramin kamar na sauro, amma in ba a kai mutum asibiti a ranar ba ya na iya rasa yatsan.

In bincike ya ƙare a kan famfo, a wanke bayansa kafin a kwance, a toshe kowace ƙofa da tsumma mai tsabta, a naɗe shi a leda. A tafi da nozul duka tare da shi, da kwalbar man da a ke amfani da shi. A gaya wa mai gyara ƙarara cewa injin na tashi da sanyi, ya na ƙi da zafi, a roƙe shi ya gwada famfon bayan ya ɗumama, kuma a juyi na hankali irin na sitata. Famfon da ya ci ya kan nuna lafiya lau in an gwada shi da sanyin mai a kan teburi da safe. A dawo da shi kuma da sabuwar filta, kada a ɗaura shi a kan tsohuwa.